Inuwar Motar Uraniyom

Ƙonni, daren Talata, 15 ga Mayu 2007

Har yanzu raina a ɓace yake. Da rana kamiyoyi, manyan motocin da ke ɗauko uraniyom daga Arlit, sunka tsaya bakin gari. Na iske Kawu Idi direba ƙarƙashin tashi motar, bisa tabarma, yana shan hura.

Na ce, "Kawu, don Allah ka fito, kayan ga suna da illa."

Ya yi dariya. "To ɗan lakwal mai boko, gwada mini wata inuwa."

Na duba, ko icce guda babu.

Zango guda na yi a wata jami'ar Turai muna karatun hana bazuwar makaman nukiliya. Kullum damuwar malamai kada uraniyom ya faɗa hannun miyagu. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ke kwanciya ƙarƙashinshi. Wai duniya suke tsarewa, amma Kawu ko rumfar kara ba a kafa mishi ba!