Ƙusa Ɗaya a Bangon Trsat

Yaya Tonka,

Gaisuwa mai yawa daga nan Fremantle, ƙetaren teku, da fatan gwiwoyinki sun yi sauƙi. Albishirinki! Likita ya yarda in hau jirgi in zo gida. Kin tuna bakancen da na yi ranar da guguwa ta kife kwalekwalenmu, cewa in na tsira zan kai zanensa cocin Maryamu da ke kan tudun Trsat, ɗakin da matuƙan ruwa ke rataye nasu? Furfura ta cim mini ban cika ba. Yanzu na zana da hannuna, ga hotonsa. Ki nema mini gurbi a bango.

Ƙaninki,
Frane

Auta,

Ina gaishe ka da yaran. Murna ta sa na ƙona miyar kifi! Amma tsakani da Allah, wannan kwalekwale ne ko kwamin wanki? Na hau tudun jiya, ina haki. Tsohuwar fadar dutsen nan da muke ɓuya a cikinta muna yara ta cika da baƙi masu ɗaukar hoto. A coci kuma wani Fada ya zagaya da ni, ya ce, "Mama, duba da idonki, ko allura ba ta da wurin zama." Gaskiyarsa, bango ya cika maƙil. Raina ya ɓaci, amma ka san ni da naci, zan koma.

Yayarka,
Tonka

Yaya,

Na gaishe ki. Abinci ya ƙi shiga tun da na karanta. Wannan ce tafiyata ta ƙarshe, ke ma kin sani. Ko bayan ƙofa ne, ki roƙa.

Frane

Frane!

Gaisuwa daga baya, zauna tukuna! Ina leƙa bayan ƙofar da ka ce, sai ga wani ƙyalle ya koɗe, da ɗinkin jan zare. Hannun Inna ne, ko a mafarki na san shi. Ta ɗinka: "Na gode da kika dawo mini da Frane." Ashe tun shekarar guguwar ta hau tudun da kanta ta rataye shi, ba ta gaya wa kowa ba. Na yi kuka har Fada ya kawo kujera. Ya ce, "Ai ƙusa ɗaya ta ishi uwa da ɗa." In rataye hoton kafin ka iso?

Taka,
Tonka

Yaya,

Gaisuwa. Kada ki taɓa ƙusar nan, ni zan rataye. Inna ta daɗe tana jirana. Juma'a zan sauka, kuma kada ki ƙona miyar.

Autanku,
Frane