Hannun Mai Aski Ba Ya Rawa

Litinin, 1 ga Satumba

Yau ma hannun nan. Ina yi wa wani malamin makaranta gyaran fuska, reza ta riƙa kaɗawa a kan saje. Ya ɗago ido ya kalle ni ta madubi. Na ce iskar fanka ce. Fanka kuma, alhali babu wuta tun safe.

Baki ya bushe kamar na ci auduga. Ruwa nake sha ba ƙaƙƙautawa, in na je fitsari kuma sai na tsaya ina lallashi.

Laraba, 3 ga Satumba

Abin haushin shi ne na samu sauƙi. Tun rasuwar Yaya, wana da muke aski tare, ban iya kallon kujerarsa a shago ba, ban iya cin abinci ba, wanka ma sai maman yara ta yi da gaske. Ita ta ja ni asibitin ƙwaƙwalwa, likitar can ta rubuta mini kafso ɗaya kullum da safe. Yanzu ina dariya, jiya har na goge madubin Yaya. Ana murna an fita daga rami, sai ga hannu ya ce bai san zancen ba. Mai aski da rawar hannu, ina amfaninsa?

Asabar, 6 ga Satumba

Dakta ya zo aski kamar kowace Asabar. Shekara da shekaru ni ke riƙe da kansa, shi ke riƙe da ƙafata. Shi ya rubuta mini 'yar rawayar ƙwayar da nake sha kafin barci saboda zafin tafin ƙafa da ciwon suga ya jawo mini. A kujerata yake duba ni, a bayan tsohuwar takarda yake rubutawa, ban taɓa bin layi a wurinsa ba.

Makonnin baya na yi masa kukan ƙafa, ya ce in mayar da ƙwayar biyu. Yau ya ce, "Yaya ƙafar, maigida?" Na ce alhamdu lillahi. Da hannun hagu na tallafe na dama har na gama masa.

Bai san da kafso ba. Yaya zan faɗa? Benci cike da mutane, shagon aski kuwa gidan rediyo ne. Kafin la'asar an ce mai aski ya taɓu, wa zai sake miƙa mini wuya?

Lahadi, 7 ga Satumba

Na tashi daga sujada jiri ya kwashe ni. Ƙirji na dukan uku-uku.

Alhamis, 11 ga Satumba

Asibiti. Likitar ta ce in miƙa hannuwa, ta ɗora takarda a kai, takarda ta kama rawa. Ta riƙe wuyan hannuna tana duban agogo, fuskarta ta canja.

Ta ce, "Malam, ban da nawa, wane magani kake sha?"

Na ce na suga. Sai na ƙafa, amma wannan ai na ƙafa ne. Ta ce ta gani. Na laluba aljihu na ba ta. Ta karanta sunan, amitriptyline, ta cire gilashi ta aje.

Ashe 'yar rawayar ma asalinta maganin ciwon damuwa ce, tsohon samfuri, ana dai ba da ita don zafin jijiya. Kafson kuma, fluoxetine, yana hana hanta fitar da ita da wuri, sai ta taru a jini. Wato ina shan ƙwaya biyu, jikina na lissafa ta fi haka. Ta ce ana haɗa su a wasu lokuta, amma da ƙaramin awo, da gwajin zuciya, kuma duk likitocin su san da juna. Ta ce zuciya ba a wasa da ita.

Na ce ranar farko ai kin tambaye ni maganin ƙwaƙwalwa ne. Ta ce, "Cewa na yi kowane magani." Wataƙila haka ne. Ranar ba na jin kowa.

An manna mini wayoyi a ƙirji. Sakamako bai yi muni ba, bai kuma yi mata daɗi ba. Ta rage 'yar rawaya, ta tsara yadda zan sauka a hankali, ta ce kada in kuskura in yanke ko ɗaya da kaina. Sannan ta ce lallai wanda ya rubuta ya sani, ta ba ni lambarta in ba shi.

Nan gizo ke saƙar.

Juma'a, 12 ga Satumba

Ƙafa ta dawo da zafinta, hannu bai daina ba. An gudu ba a tsira ba.

Na ce wa maman yara kafson zan bari, in koma yadda nake, ni da 'yar rawayata lafiya lau. Ta aje tsintsiya. Ta ce, "Yadda kake? Baban yara, ni na ga yadda kake. Wallahi ba zan sake zama ina gadin rezarka ba."

Ban san ta taɓa ɓoye mini reza ba. Na haɗiye kafson a gabanta, na fita. Ta ba ni haushi. Don tana da gaskiya ta ba ni haushi.

Asabar, 13 ga Satumba

Dakta bai zo ba, ya yi tafiya. Na ji daɗi, na kuma ji kunyar jin daɗin.

Talata, 16 ga Satumba

Mutum biyu sun leƙo, sun gaishe ni, sun tsallaka shagon yaran can na ƙetaren titi. Ɗaya tun yana goye nake masa aski.

Mai walda na kusa da mu ya ce, "Ko shayi ne ya yi maka yawa?" Na ce shi ne. Kowa ya zama likita.

Asabar, 20 ga Satumba

An yi ta.

Na gama da kilifa, injin aski, lafiya, na ɗauki reza don bayan kunne. Hannu ya zame. Jini ya tsattsafo a kunnen Dakta, ya ɗiga a tawul. Tunda nake ban taɓa yankarsa ba. Na danna auduga ina ta ba da haƙuri.

Bai kula da kunnen ba, hannuna ya kama. Ya ce, "Tun yaushe? Rashin barci ne, ƙafar ce ke hana ka. Bari mu ƙara ƙwayar ta zama uku."

Uku! Na tuna wayoyin ƙirji. Na dubi benci, mai walda da wasu mutum biyu suna jira, rediyo ma ya ga damar yin shiru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Dakta, ina zuwa asibitin ƙwaƙwalwa. Tun rasuwar Yaya. Ina shan maganinsu."

Da ƙarfi maganar ta fito, fiye da yadda na so.

Ya tambayi sunan maganin, na faɗa. Ya dafe goshi ya ce inna lillahi. Ya ce, "Ni ma da laifina, kujerar aski ba ofis ba ce. Ban taɓa tambayarka ba." Da rabin gyara a kansa, tawul a wuya, ya karɓi lambar likitar a wurina, ya fita ƙofar shago ya kira ta. Na tsaya riƙe da reza ban san inda zan sa idona ba. Ɗaya daga cikin masu jira ya tuna yana da uzuri.

Laraba, 24 ga Satumba

Sun shirya tsakaninsu. 'Yar rawaya za ta ci gaba da sauka, Dakta zai nemo wa ƙafa wani abin, a ofishinsa, da layi da kati kamar kowa. Likitar ta ce rawar ba za ta tafi yau ko gobe ba. Haƙuri, haƙuri. Kowa haƙuri yake rubuta mini.

Wanda ya tuna da uzuri bai dawo ba. Labari kuwa ya zaga, na gani a gaisuwar mai shayi.

Talata, 7 ga Oktoba

Na yi gyaran fuska yau da hannu ɗaya. Bai tsaya cak ba, amma layi ya fita. Ƙafa na nan da halinta.

Mai walda ya zo aski alhali gashin kansa bai taru ba. Ya bari kowa ya watse, ya zauna, ya rufe ido, na kai reza maƙogwaronsa bai motsa ba. Can ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba, "Wai asibitin nan, sai an kai mutum ne, ko yana iya zuwa da ƙafarsa?"

Na ce Alhamis nake komawa, ya same ni ƙofar shago da safe. Ba wani abu ba ne, hanya ce ɗaya. Na ce masa kuma ya kwaso duk abin da yake sha, har na ciwon kai.