'Yan Kunnen Inna a Bakin Mayafi

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya da ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Ɗanki ne ya sa na ɗauki biro. Ya rufe shagon gyaran wayarsa, wai shi da abokansa za su ƙetare zuwa wata ƙasa neman zinariya. Fasfo ya fito, sun sami mai mota, har jarkokin ruwa sun jera mini a zaure. Shekaranjiya ya shigo da injin neman zinariyar. Sanda ce doguwa mai faifai a ƙasa kamar murfin tukunya, in ta bi ta kan ƙarfe sai ta yi tsuwa. Autata ta ce yayanta ya sayo tsintsiya mai kuka.

Ni ban yi dariya ba. Can da za su, an ce babu ruwa babu inuwa, rami kan rufta da mutane. Ɗan maƙwabciyarmu mai wanki ya tafi bara, har yau wayarsa ba ta shiga. Tunda maganar ta taso na kasa zama wuri ɗaya. In buɗe Alƙur'ani, in tarar ina maimaita aya ɗaya ban sani ba.

Injin na hannu ne. Mai shi ya ce a gwada, in bai kama zinariya ba a mayar masa, kuma ba su da halin sayen wani. Kin san duk gidan nan babu zinariya sai 'yan kunnen Inna da kika bar mini. Ya roƙe ni in binne su a tsakar gida idan ya fita, kada ya san wurin. Na ce to.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Malama

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Wasiƙarki ta iso, na gode da nasiha, sai dai ta riske ni na riga na yi abin kunya.

Da ya fita na haƙa rami a gindin randa. Na riƙe 'yan kunnen a kan ramin, hannuna ya ƙi saki. Zuciyata ta ce in inji bai samu komai ba za a mayar da shi, tafiya ta watse, yarona ya koma shagonsa. Sai na ƙulle su a bakin mayafina, na mayar da ƙasa. Da ya dawo ya tambaye ni ko na gama, na ce na haƙa na rufe. Ban faɗi ƙarya da baki ba, amma ke da ni mun san abin da na yi. Ni da kuke wa tsiya da Malama tun muna yara, saboda na taɓa komawa kasuwa mayar da allura ɗaya da aka ƙara mini bisa kuskure.

Ya bi tsakar gidan nan taku-taku cikin rana. Ya tono ƙusoshi, da murafun kwalba, da tsohon makullin ɗakin babansu da muka nema har muka fasa ƙofa. Gidan ya koma kamar gafiya ta yi biki. Autata na binsa tana cewa attajiri ya samu ƙusa ta goma. Da la'asar ya daina kula ta. Ya zauna bakin rijiya, ya ajiye injin a gefe, ya haɗa kai da gwiwa. Tun rasuwar babansu ban ga ya zauna haka ba.

Tausayi ya kama ni, na kai masa ruwa. Ina sunkuyawa bakin mayafina ya sauka kan faifan, sai injin ya ɗauki tsuwa, wata siririya daban da ta ƙusa. Ya dubi inji, ya dubi ƙullin. Yaya, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Bai ɗaga murya ba. Ya sha ruwan, ya ce, “Umma, in ba ki yarda ba, faɗa mini da bakinki. Wallahi ko zaure ba zan wuce ba.”

Har yanzu ban ba shi amsa ba. Na shiga ɗaki, na fito, na share inda na riga na share. Kalma ɗaya ce, kuma na san zai bi ta.

Ki yafe mini tsawon magana.

Ƙanwarki,
Malama

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da fatan alheri. Yaya jikin naki?

Ɗanki da abokansa sun tafi jiya da hantsi. Na yi istihara, na juya maganar ta kowane gefe. Na ga in na tsare shi, jikinsa ne kawai zai zauna a shagon nan, kullum ya shigo ya gaishe ni da ladabi, ni kuma in kasa kallon idonsa. Na kira shi na nemi gafararsa. Ya rufe fuska ya ce in daina, uwa ba ta roƙon ɗa. Na ce wannan uwar ta yi laifi.

Na sa masa sharaɗi: kada ya shiga ramin da ya fi tsayinsa, kada ya haƙa ƙasar wani ba izini, kada sallah ta wuce shi. Ya ce a can ma za su riƙa buƙatar 'yar zinariya ta saita inji kowace safiya. Na kwance ƙullin na ba shi ɗan kunne ɗaya. Na ce aro ne, na Inna ne, kuma ba na karɓar aike, da hannunsa zai dawo mini da shi. Ki yi haƙuri ban shawarce ki ba.

Ɗayan yana nan a bakin mayafina. Ko mota ta tsaya a layi sai na leƙa. Autata ta ɗauko shebur za ta cike ramukan tsakar gida, wai za mu karye. Na ce ta ajiye, mu riƙa kewayewa. Wanda ya haƙa su shi zai zo ya cike.

Ki gaida maigidan da yara. In ƙafar ta yi sauƙi ki zo ki kwana biyu, gidan ya yi mini faɗi.

Ƙanwarki,
Malama