Kabad ɗin Sama

Litinin, 3 ga Maris

Likita ya ce jijiyar kafaɗata ta dama ta yage. Kada in ɗaga komai sama da kaina. Na ce masa ai aikina ke nan, ma'aikaciyar jirgin da ba ta rufe kabad ɗin sama, me ya rage mata? Ya ce murmushi. Ban yi dariya ba.

Akwatin wani fasinja ne, kamar duwatsu ya loda. Na tura kabad ɗin, na ji ƙas. Ko juyowa bai yi ba.

Zan koma sama. Na rubuta don in gani da idona.

Alhamis, 6 ga Maris

Shugabarmu ta tura ni rumfar gyara kafin in warke. Wai kamfani zai sake cikin jiragenmu, kabad da fitilun silin, suna son wadda ta yi aiki a ciki. An dai rasa inda za a ajiye ni ne.

Sun gina gangar jirgi da katako, ba fiffike, ba hanci, kujeru na gaske. Injiniyan da ya zana kabad ɗin Dogo ake ce masa, sai ya sunkuya yake shiga. Mai fitilu kuma wata dattijuwa ce, kowa Anti yake kiranta. Ta ba ni kujera da shayi. Ban zo zama ba.

Talata, 11 ga Maris

Sabon kabad ɗin saukowa yake yi kamar baki ya buɗe, a zuba kaya, a tura shi sama da duk nauyinsa. Dogo sai murna yake, wai yanzu akwatuna za su shiga a tsaye ta gefe, kowa ya sami wuri, an daina faɗa. Ya cika shi da buhunan yashi, ya rufe da hannu ɗaya.

Na tambaye shi wa zai rufe a jirgi. Ya ce ma'aikata mana. Na ce yawancinmu ko hammatarsa ba mu kai ba, kuma ba ɗaya muke rufewa ba, daga gaba har baya ne, sau nawa a yini.

Ya ce akwai sifirin, wani murɗaɗɗen ƙarfe da ke taya turawa, amma nauyi ne, nauyi kuma cin man jirgi ne, manya ba za su yarda ba. Bai faɗa da raini ba. Da ma ya raina ni, da na fi jin daɗin faɗan.

Laraba, 19 ga Maris

Gashin kafaɗa a asibiti. Na yi kuka, mai gashin ta yi kamar ba ta gani ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Yau ni na sha kunya. Idan an buɗe kabad duka suna tare hasken silin, hanyar tsakiya ta yi duhu, cikinsu ma duhu, shi ya sa ake manta waya da magani a lungu. Na dage a sa farar fitila mai ƙarfi ko'ina. Anti ba ta yi musu ba. Ta ce in kishingiɗa a kujera kamar mai barci, ta kunna abin da na nema. Kamar an watsa mini barkono.

"Ƙanwata, ke a tsaye kike ganin jirgi. Su a zaune suke."

Sai ta nuna mini nata: siririn haske ɓoye a bayan leɓen kabad, yana bugun silin ya dawo a tausashe. Cikin kabad ɗin ne ba ta yi tunaninsa ba, ta kuwa amsa. Mun wuni muna gwada ƙaramar fitila mai kamawa in an buɗe. Na manta ban ci abinci ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Kafin a mayar da ni sama sai na rufe cikakken kabad a gaban likitan kamfani. Da aka fita cin abinci na tsaya na gwada ni kaɗai. Ya kai rabi, hannuna ya ƙi, kabad ɗin ya dawo mini. Dogo ne ya tare shi, ashe ya dawo ɗaukar wayarsa.

Na roƙe shi kada ya gaya wa kowa. Ya daɗe yana kallon kabad ɗin, ba ni ba. Ya ce in nuna masa daidai inda hannun ya tsaya. Ya sa alama da fensir a jikin katakon.

Yaya ta zo gida ta same ni da ƙanƙara a kafaɗa. Ta ce taurin kaina ko Baba bai kai ni ba, shi da ya tuƙa mota da karyayyar ƙafa. Ta yi mini tsifa tana mita har ta gama.

Talata, 22 ga Afrilu

Manya sun zo gani. Ni na kira abokan aikina na sama, har da Ƙarama, wadda sai ta yi ɗage take kai hannu. Dogo ya sa sifirin a ɓangaren hagu, dama ya bar shi haka. Na ce kowace ta rufe layin duka, ba guda ɗaya ba.

Ƙarama ta gama hagu tana surutu. A dama ta yi shiru, kafin ta kai ƙarshe tana turawa da kai.

Babban manaja ya kawo maganar mai. Dogo ya ce ya rage kaurin allunan silin, Anti ta ce fitilunta sun fi tsofaffin rashin nauyi, amma dai ba a cike gibin duka ba. Sai manajan ya juyo gare ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni an riga an yi mini illa. Waɗannan ne ba a yi musu ba tukuna."

Ya ce za su duba.

Litinin, 5 ga Mayu

Sun yarda da sifirin. Fitilar cikin kabad sun soke. Anti ta ce kada in ɓata rai, za mu sake kai ta.

Mu.

Alhamis, 15 ga Mayu

Likita ya ce hannun ya isa gwaji. Shugabarmu ta kira tana murna, wai yaushe za ta sa ni a jadawali? Na ce ta ɗan ba ni lokaci, kabad ɗin layin baya bai zauna ba, gangar jirgi ta tsuke a wurin, hannun buɗewa yana cizon yatsa. Gaskiya na faɗa, yana cizo.

Ta ce kamar kwana nawa. Na ce zan kira ta.

Zan kira. Gobe dai da safe ake kawo sababbin hannayen, kuma Dogo yatsunsa sun yi kauri, ba zai ji inda yake cizon ba.