Telan da Ya Fito a Hoto

Malam,

Ƙulunƙulufita!

Na san ba za ka ce gauta ba, don haka na amsa wa kaina. Ga ta: tela yana kwance a maƙabartar bayan gari, tela yana zaune a zaure yana taka keke. Bai taɓa yarda an yi masa hoto da matarsa ba, ga shi a hoto da matarsa. Wane ne?

Kada ka yi gaggawa. Ai ko da kana da rai ba ka taɓa canka ko guda ba.

Au, ka ga ban ko gaishe ka ba. Assalamu alaikum, mai gidana. Allah Ya faɗaɗa maka makwanci, Ya haskaka shi, Ya kai rahama. Na sani sarai wannan takarda ba za ta same ka ba. Babu motar da ke lodin can a Kwanar Dangora, kuma ko da akwai, kai ne ka ce rubutuna na ajin yaƙi da jahilci kamar tonon kaji yake. Amma labari ya cika min baki, kuma duk Badafi babu wanda zan ba sai kai.

Gida lafiya. Damina ta yi albarka, masara har ta rasa wurin shanya. Ƙaninka Ilu yana nan, haƙora sun ragu, surutu ya ƙaru. Tsamiyarka ta yi 'ya'ya. Ni kuma gwiwa ce kawai take min gardama da safe.

Babban labari na ɗanka ne, babban, wanda ka san ba na faɗin sunansa. Allah Ya buɗa masa a harkar hatsi, yanzu har Tudun Wada da Doguwa yake zuwa awo. Sai ya ce zai rushe gidan nan na ƙasa ya yi mana na bulo. Kowa ya yi murna, har ni, don ɗakina in ana ruwa sai na jera kwanoni kamar mai talla. Amma da magini ya zo da igiyar awonsa, sai na ji yana cewa zaure ma zai tafi, a yi wurin ajiye mota. Zaurenka, Malam. Inda ka yi shekara da shekaru kana ɗinki, inda kekenka yake har yau a lulluɓe da tsohon zane.

To yaya zan yi? Ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa roƙonsa ko allura ba. In ya zo gaishe ni, bango nake kallo in tambayi lafiyar yara. Yau da furfurata zan buɗe baki in ce masa ya bar min zaure saboda ina kewar ubansa? Ina! Gara ƙasa ta tsage in shige. Na gwada bi ta wajen matarsa da zance a kaikaice, sai ta ɗauka tsoron ƙurar gini nake, ta aiko min da takunkumi.

Da na ga ba hanya, sai na ce aƙalla a ɗaukar min hoton gidan kafin a sa masa diga. Jikarka Zinatu ta zo hutu daga makarantarsu ta Kano. Ka tuna ta? Wadda take kwashe maka ƙyallaye ta yi wa 'yar tsana riga. Yanzu ta zama budurwa, wayarta kuwa ta fi tafin hannunka faɗi. Na ce mata gidan nake so gaba ɗaya, daga ɗakina har zaure, a hoto guda, ba guntu-guntu ba. Ta ja da baya har ta jingina da katanga, amma in ɗakina ya shiga sai zaure ya fita, in zaure ya shiga sai rumbu ya ɓace.

Nan ta ce akwai dabara. Wai akwai wata manhaja a cikin wayar, ana ba ta hotuna da yawa ta ɗinke su su zama ɗaya mai tsawo. Ka ji fa, ɗinki! Ashe bayan tafiyarka har waya ta shiga sana'arka. Mai ɗauka zai kafe ƙafa wuri guda a tsakar gida, ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ya ɗauki nan, ya ɗan juya ya ɗauki can, har ya zagaye. Kuma dole kowane hoto ya ɗan hau kan na kusa da shi, kamar yadda kake barin bakin yadi don ɗinki ya sami wurin kamawa. Sai wayar ta nemi inda suka yi kama ta haɗa, yadda kake daidaita furen atamfa kada a ga mahaɗa.

Amma fa ba gwanar tela ba ce, 'yar koyo ce. Da kana nan da ka kore ta tun ranar farko. Hoton farko, jar akuyata ta gifta, sai ga ta ta fito da tsawon jirgin ƙasa, ƙafa shida, ba kai. Na biyu, hannun Zinatu ya karkace, rumbu ya fito a tanƙware kamar mai ruku'u. Na uku ne ya kusa kashe ni da dariya. Muna cikin ɗauka Ilu ya yi sallama ya shigo, ya wuce randa shan ruwa. Da wayar ta gama ɗinkinta, sai ga Ilu biyu, ɗaya a bakin ƙofa da baki buɗe, ɗaya a gindin randa da moɗa. Ilu ɗaya ma yaya muka ƙare da shi?

Zinatu ta yi min bayani. Ta ce ita wayar bango ta sani da bishiya, ba ta san mutane ba. Duk wanda aka ɗauka a wannan gefe, ya tashi ya koma wancan kafin a iso wurin, sau biyu zai fito, kuma ko ya daɗe a tsakani ba ruwanta. Na ce to. Na yi shiru. Kai ka san irin shiruna.

Washegari da hantsi, da kowa ya tafi gona, muka ɗauki na gaske, ni da ita kawai. Bari in karanta maka shi daga hagu. Ga ni a ƙofar ɗakina ina tankaɗe. Ga turmi, ga rijiya, ga rumbu a miƙe wannan karon, ga tsamiya, ga igiyar shanya. Sai ƙofar zaure ta ciki, an ɗage asabari. A ciki kuwa ga mutum a kan keke, sanye da shuɗiyar rigar nan taka ta Juma'a wadda na ƙi bayarwa ranar rabon kaya, ya kifa hula har gira, ya sunkuya yana zura zare a allura, wuya a karkace hagu kamar yadda ka saba.

Zinatu ta tura shi dandalin danginku na waya, ta rubuta a ƙasa cewa ga gidan kaka kafin a rushe. Malam, kafin azahar gari ya ɗauka.

Ilu ne ya fara zuwa. Ya rantse da girman Allah kai ne, wai ko a cikin dubu ya san karkatar wuyan yayansa. Nan take kuma ya tuna wai ya sha jin ƙarar keke in ya wuce ta ƙofar gida, abin da bai taɓa faɗa ba sai ranar. Ya ƙi fita ta zaure, ya bi ta inda katangar baya ta zube, wandonsa ya kama ƙaya ya yage har gwiwa. Ga shi kuma telan gidan ba ya karɓar aiki yanzu. Ƙanwarka ta Doguwa ta aiko da saƙon murya tana kuka, wai ta gan ka, amma ka rame. Liman ya ce wanda ya tafi ya tafi, wannan aikin waya ne, a yi maka addu'a a daina shirme. Gaskiya ya faɗa, amma shi ma sai da ya sa tabarau ya sake dubawa. Ni da aka tambaye ni, na ce ai ga ni can a hoton ina tankaɗe, idona na kan rariya. Ƙarya na yi? Duba hoton ka gani.

Ranar Juma'a ɗanka ya zo. Ya zauna a tabarma bakin ƙofata ya gaishe ni, na kalli bango na amsa. Sai ya karɓi wayar, ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton. Kowa fuskar yake ƙoƙarin leƙawa, shi kuwa ƙasa ya yi, wajen matakin keke, don ya san ba ka taka keke da takalmi. Ya daɗe yana kallo. Daga nan ya ɗago ya dubi ƙafafuna, na ja zane na rufe. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake, irin taka, wadda ba ta da sauti. Can kuma ya cire hula ya goge ido da ita, kuma wannan ba na dariya ba ne.

Ya mayar wa Zinatu wayarta. Ya tashi ya kira magini, ina ji ta taga, ya ce a fara daga ɗakunan baya, zaure kuma a bar shi, a yi masa yaɓe a gyara rufi, mota ta kwana a waje. Dalilin da ya bayar wai ginin yana da ƙarfi. Ni da kai mun san ƙarfin ginin nan. Akuya ma in ta yi susa a jikinsa sai ƙasa ta zubo.

Yanzu bari in gaya maka abin da ban taɓa faɗa ba. Ka ɗauka don iska nake kai tiren shinkafa bayan asabarin zaure kullum da la'asar? Tsakar gida ba iska ne? Ƙarar kekenka nake bi. In jefo maka kacici-kacici ta bayan asabari, ka yi ta lalube, in ce ba ni gari. Ka ba ni Bebeji, ka ba ni Kiru, ka ba ni Tudun Wada da shinkafarta, ka ba ni Doguwa da duwatsunta. Ko hakimi bai tara abin da na tara ba. Har yau ina tambayar kaina, da gaske ba ka sanin amsa, ko so kake in daɗe a wurin? Ranar da keken ya yi shiru, gidan nan ya yi min faɗi, Malam. Kuma ka tuna shekarar da mai hoto ya kafa labule a Kwanar Dangora da sallah, na ce mu je, ka ce na katin zaɓe ya ishe ka? Wannan da ka fito kamar an kama ka da kazar maƙwabta? Na yi dariya a lokacin, amma na so mu je.

To ga shi mun je. Ɗanka ya sa an wanko hoton a Kano, tsawonsa kamar rawani, an kafa shi a zaure saman kekenka. Ni a wannan ƙarshe, kai a wancan, duk gidanmu a tsakani, kuma ko kai ba za ka gano mahaɗar ɗinkin ba. Ilu ya koma bi ta zaure, amma da sauri, yana karanta abin da ya sawwaƙa.

Na ga har yanzu ba ka canka ba. To ba ni gari. Na duniya sun ƙare maka, don haka ka ajiye min wuri kusa da kai, inda zan riƙa jin motsinka. Ba sauri nake ba, sai na ga auren Zinatu.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yafe min ni ma aron da na yi. Sai mun zo.

Taka, mai garuruwa huɗu,
Delu

Af, amsar. Telan ni ce. Rigarka ce, hularka ce, lallen ƙafar kuma nawa ne.