Gero Ba Zai Tafi Ƙwanni Ba

Daren Laraba, watan Rajab, Ƙofar Marke, Sakkwato

Kai mai leƙen littafin da ba naka ba, ka ji tsoron Allah ka rufe.

Yau bayan la'asar babban ɗana Garba ya zo da shawara. Yana so ya ɗebi gero a rumbu ya kai Ƙwanni, inda Faransawa ke mulki, ya musanya da shanu.

Ya ce, "Inna, su suna da bisashe da kanwa, mu muna da hatsi. Iyakar da Nasara sunka ja ba ta hana mu buƙatar juna ba."

Gaskiya ya faɗa, na kuma ji daɗi da ya fara tunani. Amma na tambaye shi, "In ruwa ya ƙi sauka a Ƙwanni, a Sakkwato sauka yake yi?" Daminarmu ɗaya, shekarar da gero zai yi musu daraja, mu ma muna nemansa. Jar fatarmu jemammiya da zanen rini kuwa kullum suna so, kuma ba a tuƙa tuwo da su.

Na yanke magana: fata da zane su tafi, kanwa ta zo. Gero ba ya barin gidan nan sai sabo ya shiga rumbu.