Baba Ya Shigo Garaji

Damagaram, daren Laraba, kakar 1958

Hannuwana duk sun kumbura. Kwana uku ina fama da sandar ƙarfen da ke buɗe supap, wato bawul, a injin kamiyon Dogo direba, babbar motarsa ta ɗaukar kaya, ga gyaɗar mutane jibge tana jira. Ƙusumbinta ɗaya ya cinye, sabuwa kuwa sai daga Faransa. Na ɗora ƙarfe, na goge da magagari.

Da la'asar Baba ya shigo, karo na farko tun da na bar maƙerarsa. Ya shafa ƙusumbin da yatsa, ya ce, "Siffa ta yi, amma ƙarfen ɗanye ne. Hura mini wuta."

Shi ya gasa, ya tsoma a mai. Na mayar da sandar, inji ya tashi.

Bai yaba mini ba. Ya dai tambayi lokacin da muke buɗewa gobe.